Harajin Kunne

A ranar 7 ga watan Satumba na shekarar 2016, a birnin San Faransisko na ƙasar Amurka, kamfanin Apple ya baje kolin sabuwar salularsa mai suna iPhone 7. Abin da ya fi ɗaukar hankalin jama'a a wannan rana shi ne wani abu da aka cire daga jikinta, wato ɗan ramin nan mai faɗin milimita 3.5 da ake soka igiyar sauraro a cikinsa. Da Phil Schiller, wanda ke riƙe da sashen talla na kamfanin a lokacin, ya miƙe domin bayyana dalilin wannan aiki, sai ya ce kalma ɗaya ta ishe shi, ita ce jarunta. A wannan zama kuma, tun masu tafi ba su huta ba, aka fito da wasu ƴan ƙwayoyi farare guda biyu marasa igiya da ake maƙalawa a kunne, aka raɗa musu suna AirPods, aka yanke musu farashin dalar Amurka 159. In aka juya kuɗin zuwa namu na wancan lokaci, sun haura jika 90 na sefa, alhali kuwa mafi ƙanƙancin albashin da doka ta yarda a biya ma'aikaci a Nijar a lokacin jika 30 ne da ƴan kai. Gumin wata uku ke nan.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan malamin makaranta a Maraɗi, ko sakataren ƙungiyar raya al'adu a Damagaram, da ramin da bai kai ƙwayar wake ba, wanda aka toshe a wata ƙasa mai nisa, a jikin salular da yawancinmu ba mu taɓa riƙewa ba? Ruwanmu ne ƙwarai. Mu al'umma ce da ke karɓar iliminta da labarinta da nishaɗinta ta kunne: waƙa, tatsuniya, kirari, wa'azi, labarun duniya, sanarwar rigakafi, farashin gero a kasuwa. Salula kuwa ta zama akwatin radiyo da rakoda da ɗakin karatu na mai ƙaramin ƙarfi. Duk wanda ya taɓa hanyar da sauti ke bi daga wannan akwati zuwa kunne, to ya taɓa mu. Ra'ayina a nan shi ne, toshe wannan rami haraji ne da manyan kamfanoni suka ɗora wa kunnen jama'a, suka sa masa rigar ci gaba, kuma bai kamata masu ilimi su taya su yi masa guɗa ba.

Asalin ramin da ƙimarsa

Wannan rami dattijo ne a cikin kayan zamani. Kakansa, mai faɗin milimita 6.35, ya fito ne tun ƙarni na 19 a ɗakunan haɗa layin tarho, inda ma'aikata ke zare igiya daga wannan rami su soka a wancan domin haɗa mai kira da wanda ake kira. Ƙaramin da muka sani ya bazu tare da ƙananan akwatinan radiyo na tsakiyar ƙarni na 20, ya kuma game duniya bayan da kamfanin Sony ya fito da Walkman a 1979. Tun daga nan, abin sauraron da aka ƙera a Japan yana shiga radiyon da aka ƙera a Jamus, yana shiga kwamfutar Amurka, yana shiga salular Sin. Babu wanda ake neman izninsa, babu kamfanin da ake biyan kuɗin fito.

Yadda yake aiki ma mai sauƙi ne. Salula ce ke juya lambobin da ke cikinta su zama sauti, sai ta turo shi ta igiya a matsayin ƴar ƙaramar wutar lantarki mai hawa da sauka, wutar ta girgiza wani ɗan fefe a cikin abin da ke kunne, kunne ya ji. Saboda haka abin sauraro mai igiya ba ya buƙatar batir, ba ya buƙatar a cika shi, ba ya buƙatar a gabatar da shi ga salula kafin su fahimci juna. In igiyar ta tsinke, yaron da ke gyaran salula a bakin kasuwa zai feɗe ta ya liƙe da darma a ƴan mintoci. Kayan aikin da ya haɗa araha da jimiri da shiga ko'ina, ba kowace rana ake samun irinsa ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya

Masu toshe ramin sun kawo hujjoji, kuma adalci ne a auna su.

Ta farko, sun ce domin salula ta ƙara sirancewa. To, kaurin iPhone 7 milimita 7.1 ne, daidai da na iPhone 6s da ta gabace ta mai rami. Wadda ta gabaci wannan ma, iPhone 6, kaurinta milimita 6.9 ne, kuma da raminta. Tun a 2014 kamfanin Vivo na ƙasar Sin ya fito da salula mai suna X5Max wadda kaurinta bai kai milimita 5 ba, bai kuwa cire ramin ba. Wannan hujja ta faɗi tun ba a tura ta ba.

Ta biyu, sun ce domin kada ruwa ya shiga. Amma watanni shida kafin iPhone 7, kamfanin Samsung ya fito da Galaxy S7 da raminta a buɗe, kuma a ma'aunin jure ruwa da ƙura da duniya ta yarda da shi ta sami matakin IP68, alhali iPhone 7 da aka toshe ta tsaya a IP67, mataki ɗaya ƙasa. Kamfanin Sony kuwa tun a 2013 yake sayar da salula mai jure ruwa da raminta. Ashe dai akwai dabarar hana ruwa shiga ba tare da an hana sauti fita ba.

Ta uku, sun ce wurin da ramin ke ci ana buƙatarsa domin ƙara girman batir da wasu sassa. A nan akwai ƙanshin gaskiya, domin cikin salula ya fi ɗakin amarya cunkoso, kuma batirin iPhone 7 ya ɗara na wadda ta gabace ta. Sai dai tun daga lokacin saluloli suka yi ta ƙara faɗi da tsawo, har wasu ba su shiga aljihun riga. An sami wurin zuba idon kyamara uku ko huɗu a bayansu, an sami wurin alƙalami a cikin wasu, amma wai ba a sami wurin ramin da ko tsinken ashana ya fi shi tsawo ba. Wanda ya gina soro mai hawa biyu ya ce babu filin ajiye randa, ai ba fili ne ya rasa ba.

Ta huɗu ita ce wadda aka fi yi mana gori da ita: wai zamani ne, tsohon abu dole ya ba sabo wuri, kamar yadda Apple ya cire mazubin faifan fulofi daga kwamfutarsa iMac a 1998, aka yi ta kuka, daga baya kowa ya bi. Wannan kwatanci gurgu ne. Faifan fulofi ya mutu ne domin ya kasa aikinsa, abin da yake iya ɗauka bai kai hoto ɗaya na salular yau ba. Igiyar sauraro kuwa ba ta kasa komai ba. Har gobe ita ce ma'aikatan gidajen radiyo da masu naɗar waƙa da matuƙan jiragen sama ke dogara da ita. Shi kansa Apple bai cire ramin daga kwamfutocinsa na MacBook ba, a 2021 ma har yana alfahari da cewa ya ƙara masa ƙarfi domin ƙwararrun masu aikin sauti. Abin da yake abin alfahari a jikin kwamfuta, ta yaya ya zama tsohon yayi a jikin salula?

Wani abin lura kuma shi ne, Bluetooth, wato hanyar tura sauti ta iska, ta daɗe tana zaune lafiya da ramin a jikin salula ɗaya shekara da shekaru kafin 2016. Mai son igiya ya soka, mai son iska ya kunna. Toshe ramin bai ƙara wa mai son iska komai ba. Mai son igiya kawai aka ƙwace wa zaɓinsa.

Ruwa ba ya tsami banza

In hujjojin fasaha sun gaza, sai a dubi aljihu. A 2014, shekara biyu kafin jaruntar, Apple ya sayi kamfanin Beats mai ƙera kayan sauraro a kan dalar Amurka biliyan 3. A watan Nuwamba na 2016, wata biyu bayan jaruntar, Samsung ya ba da sanarwar sayen kamfanin Harman, mai JBL da AKG, a kan kusan dala biliyan 8. Biri ya yi kama da mutum.

Abin da ya biyo baya ya isa wasan kwaikwayo. A 2016 Google ya yi tallar salularsa Pixel yana yi wa Apple shaguɓe, yana nuna cewa tasa tana nan da raminta. A watan Oktoba na 2017 ya fito da Pixel 2 a toshe, tare da nasa abin kunnen mai aiki da Bluetooth, a kan dala 159, daidai da farashin abokin hamayyarsa. Samsung ya daɗe yana fitar da tallace-tallace na yi wa masu iPhone dariya saboda ɗan jelar da suke ratayawa. A watan Agusta na 2019 ya fito da Galaxy Note 10 babu rami, ya kuma lallaɓa ya janye waɗancan tallace-tallace daga shafinsa. Har kamfanin Fairphone na ƙasar Holan, wanda ya yi suna da kiran a riƙa gyara kaya maimakon zubarwa, ya toshe ramin a salularsa ta 2021, ya fito da nasa ƴan ƙwayoyin a lokaci guda.

A duba kuma yadda aka bi da mai saye sannu a hankali. A 2016 an sa masa ɗan jela a cikin kwali, wato ɗan mahaɗin da ke ba shi damar soka tsohuwar igiyarsa ta ramin cika batir. A 2018 aka daina sa jelar, sai ya saya dala 9. A 2020, da iPhone 12, aka cire abin sauraron da kan cajar gaba ɗaya daga kwalin, aka ce don kare muhalli ne, farashin salular kuwa bai sauka ba. Waɗanda suka sayi abin sauraro mai bakin Lightning, wato ramin da Apple kaɗai ke da ikonsa, sun wayi gari a 2023 iPhone 15 ta koma USB-C, kayansu ya sake neman wani jelar. A cikin shekara bakwai an sauya musu baki sau biyu, alhali abin sauraron da aka saya tare da Walkman yana iya aiki a radiyon da aka ƙera bana.

Ko shi USB-C ɗin bai raba gardama ba. Wasu jelolin suna ɗauke da ƴar na'urar da ke juya lambobi su zama sauti, wasu kuma igiya ce zalla mai jiran salula ta yi aikin. A ido kamarsu ɗaya. Mutum zai saya a kasuwa, ya je gida ya soka, ya ji shiru, mai shago kuma ya rantse kayansa lafiya lau. Dukansu biyu suna da gaskiya. Sannan ramin ɗaya ne tak, ko dai ka cika batir ko ka saurara.

Inda abin ya same mu

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai abubuwa huɗu da injiniyan da ke zaune a Kalifoniya ko Seyul ba ya gani daga tagar ofishinsa.

Na farko, radiyo. Mutane da yawa ba su san cewa a galibin salulolin zamani igiyar sauraron ita ce eriyar radiyon FM ba. Zangon FM, daga megahaz 87.5 zuwa 108, yana buƙatar waya mai ɗan tsawo kafin a kama shi, igiyar da ta haura mita ɗaya kuwa ta dace da aikin sarai. Shi ya sa salula ke cewa a soka igiya kafin radiyo ya buɗe. In an toshe ramin, yawanci radiyon ma ya tafi, sai a ce maka ka saurara ta intanet, wato ka sayi kati, ka ƙone batir, ka yi addu'ar layi ya tsaya. Abin da kake samu kyauta daga iska ya koma abin saye. A ƙasar da aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron radiyo tun 1962, ƙasar da gidajen radiyon karkara suka bazu a cikinta tun bayan na Bankilare a 1999, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Manomin da bai yi boko ba yana jin hasashen damina da harshensa ta radiyo. Ranar ambaliya ko annoba, in layin salula ya yanke, radiyo ne ke rage. Su kansu Amurkawa sun ɗanɗana wannan a 2017, bayan guguwoyin da suka afka wa Teksas da Fulorida da Fotoriko, har shugaban hukumar sadarwar ƙasar ya roƙi Apple da ya buɗe FM a salulolinsa, kamfanin ya amsa cewa sababbin ba su da kayan kama shi.

Na biyu, wuta. Waɗanda ke da wutar lantarki a gidajensu a Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a ba. A ƙauyuka da yawa cika batirin salula sana'a ce, ana kai ta shagon mai faranti mai aiki da rana ko mai ɗan janareto, a biya. Ƴan ƙwayoyin kunne marasa igiya batir uku ne: na dama, na hagu, da na gidansu. Na farkon da Apple ya fitar awa biyar suke yi kafin su nemi komawa gida. Mutumin da ke lissafin cika batir ɗaya an ƙara masa uku. Mutanen birni ma ba su manta watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take turo mana, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da muke amfani da shi. A irin wannan hali kowa ya gane darajar kayan da ba su cin wuta.

Na uku, zafi. Batirin litiyom ba ya shiri da zafi, yana rage masa kwana. Apple da kansa ya rubuta cewa a yi amfani da kayansa a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. A Tawa ko Birnin Ƙonni, a watan Afrilu da Mayu, inuwa ma ta wuce haka nesa. Ko a ƙasashen sanyi waɗannan ƴan batura kan gaji bayan shekara biyu ko uku, ina ga wanda ke yawo da su a aljihu a tsakiyar bazara?

Na huɗu, aikinmu na malanta da adana al'adu. Malamin Faransanci ko Ingilishi da ke son ɗalibai tamanin su ji yadda ake furta kalma yana soka igiya daga salularsa zuwa tsohuwar amsa-kuwwar makaranta, aiki ya tafi. Ƙungiyar wasan kwaikwayo haka take haɗa kiɗanta da na'urar gidan matasa. Mai binciken da ya je wurin tsohuwa domin naɗar tatsuniya, ko wurin makaɗin gurmi ko kalangu, yana soka ƴar makirufo mai araha ta wannan rami, ya maƙala ta a wuyan riga, ya sami murya tsaf. Aikin da cibiyar CELHTO ta Yamai ta faro tun 1968 da manyan rakodoji masu zare, yau ɗalibi na iya ci gaba da shi da salula da igiya. Bluetooth kuwa tana matse sauti kafin ta tura shi, tana kuma jinkirta shi, sau da yawa da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Mai sauraron labarai ba zai damu ba, amma makaɗin da ke bin sautin da yake ji a kunne domin ya ɗora nasa a kai, wannan jinkiri ya isa ya ɓata masa kari. In kuma aka buɗe makirufon ƴan ƙwayoyin, ingancin sautin kan sauka zuwa na hirar tarho. Makaho ma, wanda salula ke karanta wa rubutu a kunne tun safe har dare, in batirin abin kunnensa ya mutu a hanya, idonsa na biyu ne ya rufe.

Wani zai ce ai salulolin da muke saye, irin su Tecno da Itel da Infinix, yawancinsu da raminsu. Haka ne a yau. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin ya faro ne daga salulolin attajirai yana gangarowa. A 2022 Samsung ya toshe ramin a matsakaitan salulolinsa A33 da A53, a 2024 ya kai ga A16, wadda ake ƙerawa domin masu ƙaramin ƙarfi. Kamfanin Transsion mai Tecno da Itel da Infinix, wanda ke riƙe da kusan rabin kasuwar salulolin zamani a Afirka, yana da nasa reshen sayar da kayan kunne mai suna Oraimo, kuma wasu daga cikin salulolinsa masu tsada sun fara zuwa a toshe. Ban da haka, gwanjon Turai da Dubai da ke cika kasuwanninmu, abin da aka ƙera musu shekara huɗu ko biyar da suka wuce shi ne ke iso mana yau.

Juji

Akwai wata magana da ta fi ƙarfin aljihu. Waɗannan ƴan ƙwayoyi liƙe suke da danƙo, ba a yi su don a buɗe ba. Masu shafin iFixit, waɗanda ke feɗe kayan lantarki suna ba su maki gwargwadon sauƙin gyara, sun ba AirPods sifili bisa goma. In batirin ya mutu, duk abin ya mutu, ko da fefen da ke ba da sauti lafiyarsa ƙalau. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ƙasashen Afirka sun rattaba hannu kan yarjejeniyar Bamako tun 1991 domin hana a mai da nahiyar juji, duk da haka kowa ya ji labarin Agbogbloshie a birnin Ankara na ƙasar Gana, inda matasa, da yawansu ƴan ci-rani daga arewa, suka yi shekaru suna ƙona wayoyi domin ciro jan ƙarfe kafin a rushe wurin a 2021. Yawancin garuruwanmu ba su da wurin karɓar mataccen batir. Ƙarshensa bola, inda awaki ke kiwo, yara ke tono. Kamfanin da ya maye kayan da ke shekara goma da kayan da ke shekara uku, sannan ya cire caja daga kwali ya ce yana tausayin muhalli, ya raina hankalin mai sauraronsa.

Gaskiyar da ke wajensu

Ba na musun cewa rashin igiya akwai daɗi. Mai kabu-kabu da macen da ke aikin gida da mai motsa jiki sun huta da igiyar da ke sarƙewa a maɓalli ko ta fizge salula ta faɗi. Igiyoyin araha suna saurin tsinkewa a wuya. Ƙurar hunturu tana cika ramin har sauti ya riƙa yankewa, ko da yake tsinken tsintsiya na maganin wannan, kuma ramin cika batir ma ba ta ƙyale shi ba. Farashin ƴan ƙwayoyin ya sauko ƙwarai, har ana samun na ƴan jikkuna a kasuwa, sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa. Duk waɗannan dalilai ne na a bar Bluetooth a jikin salula, kuma babu wanda ya ce a cire ta. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya zama dalilin toshe ramin. In da gaske sabon ya fi tsohon ta kowace fuska, me ya sa ba a bar su su yi takara ba, sai da aka ɗaure wa ɗaya ƙafa?

Abin yi

Kada wani ya ce mana kamfanonin nan sun fi ƙarfin doka. Tarayyar Turai ta zartar a 2022 cewa daga 28 ga Disamba 2024 duk salular da za a sayar a ƙasashenta sai mai ramin USB-C, Apple ya yi gunaguni, ya kuma bi tun kafin wa'adin ya cika. A Faransa doka ta tilasta masa ci gaba da sa abin sauraro a cikin kwali bayan ya cire shi a sauran duniya, har zuwa farkon 2022, bayan an sauya dokar. Ƙasar Meziko a 2017 ta wajabta a bar radiyon FM a buɗe a salulolin da ke da kayan kama shi, Indiya ma ta yi wa masu ƙera salula irin wannan gargaɗi a 2023. Kasuwar Nijar ita kaɗai ƙarama ce, amma in hukumarmu ta ARCEP da takwarorinta na maƙwabta suka haɗa baki suka ce salular da za a shigo da ita ta zo da radiyon da ke aiki ba tare da intanet ba, za a saurare su. Sony ma ya toshe ramin a 2018, ya ji ƙorafin masu saye, ya dawo da shi a 2020. Transsion kuwa bai ci kasuwarmu ba sai da ya lura da abin da muke so, ya ba mu gurbin sim biyu da batir mai daɗewa da kyamarar da ke gane baƙar fata.

Kafin hukumomi su motsa, akwai abin da ke hannunmu. Duk makaranta ko ƙungiya ko aikin raya karkara da za su sayi saluloli ko allunan karatu da kuɗin jama'a, su rubuta a cikin sharuɗɗan saye cewa sai mai ramin sauraro da radiyon FM. Duk wanda ya shiga shago, ya juya salular ya duba gindinta da kanta kafin ya tambayi yawan idon kyamara, in babu ramin ya faɗa wa mai shagon dalilin da ya sa ya ajiye ta, domin ɗan kasuwa ba ya manta cinikin da ya kuɓuce masa. Ƙungiyoyin da ke naɗar muryoyin dattawa su tanadi makirufo da igiyoyi da na'urorin da suka dace da su tun ana samu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma malamai, wannan darasi ne da ya cancanci allo. Ku ɗauki igiyar sauraro ku nuna wa ɗalibai yadda take kama tashar radiyo, ga kimiyya. Ku sa su lissafa kuɗin igiya ɗaya mai shekara biyar da na ƴan ƙwayoyin da za a sauya sau biyu a wannan tsakani, ga lissafi. Sannan ku karanta musu yadda aka kira cire abu jarunta, aka kira rage kaya kare muhalli, ku tambaye su wa ya ci riba, wa ya biya. Yaron da ya iya yi wa tallar salula wannan tambaya zai iya yi wa duk wanda ya zo masa da sabon abu, daga mai sayar da iri har mai neman ƙuri'a.